Gwaggo Tasalla, Kyanwoyinta da Dogo

Duk wanda ya san Gwaggo Tasalla ya san ƙullin nan na haɓar zanenta. Ko'ina za ta yana reto a ƙugunta, dunƙule kamar ƙwan zabuwa. Baƙi suna ɗauka kuɗi ne. Mu 'yan gida mun san gashin kyanwa ne, wanda take tsincewa daga tabarmarta kowace safiya, ta mulmule, ta ƙulle, ta ajiye don ranar kasuwa.

Ku da kuka yi zamani da ita a Gidan Rumji kun gani da idonku. Gwaggo ba ta sayen tsintsiya da kallo. Sai ta je rumfar masu tsintsiya ta yi sallama, ta tambayi gida da yara, sannan ta kwance ƙullin, ta barbaɗa gashin a kan tabarmar mai kaya, ta murje shi da tafin ƙafa har ya shige cikin saƙa. Daga nan gwaji ya fara. Tsintsiyar laushi, in ji ta, lallashin gashi take yi, ba shara ba. Ta kwakwa da fatake ke kawowa daga kudu tsallake shi take yi kamar mai gudun ƙazanta. Ta kaba ta fi su zuciya, amma ba ta daɗewa sai ta baje. In ta gama ta tsince gashinta tsaf, ta mai da shi cikin ƙulli, ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta wuce. Masu tsintsiya in sun hango ta daga nesa sai ka ga ana naɗe tabarmi kamar hadari ya taso.

Wata ranar kasuwa wani ɓarawo ya yanke ƙullin da aska, ya ruga. Mutane suka taru ana yi mata jaje, ana tambayar abin da ke ciki. Ta ce tarin mako ne cur, har da na muzuru mai wuyar samu. Ta dubi hanyar da ɓarawon ya bi, ta girgiza kai.

"Ba asarar ke damuna ba," ta ce. "Wa zai gaya mini irin fuskar da ya yi sa'ad da ya kwance?"

Gwaggo yayar mahaifina ce, Malam Isufu, limamin unguwarmu. Ta yi aure a Maradi, ta yi haihuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba, Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta da akwatin katako da wani kwando mai motsi. Kyanwa ce a ciki da 'ya'yanta. Baba ya ba ta sashen baya, mai 'yar ƙaramar ƙofa da ke buɗewa cikin tsakar gida. Gemunsa ya yi fari, maza suna bin sa salla, amma a bakin Gwaggo Auta ne har abada. Ni kuwa Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Kada ku tambaye ni yawan kyanwoyin. Gwaggo ta hana ƙirgawa, ta ce ba a ƙirga 'ya'ya. Amma kowace da sunanta. Akwai Ladi, mai ratsin ja, wadda ta zo cikin kwandon nan tana jaririya. Akwai Baƙuwa, da ta shigo cin abinci wata rana ta manta hanyar gidansu. Akwai kuma Kumandan, ƙaton farin muzuru, ba ya kama ɓera, shi ke fara cin abinci, kuma duk wanda ya duba sai ya ji kamar bai biya haraji ba.

Gashi kuwa, ba a magana. Da hantsi, in rana ta ratso ta tsakanin zana, sai in zauna ina kallon silinsa yana yawo cikin haske, a hankali, kamar audugar rimi da ta rasa inda za ta sauka. Ni abin kyau yake yi mini. Inna, mahaifiyata, ta san inda yake sauka: cikin tuwo, cikin miyar kuka, cikin tawadar Baba. Ina lakol, makarantar boko, a Maradi na taɓa buɗe littafi wani farin sili ya faɗo a kan tebur, na kifa kai na yi ta kukan kewar gida. Duk wanda ya kawo wa Gwaggo ƙara amsarta ɗaya ce: "Mai rai ke zubar da gashi."

Baba yana fama da tari, kuma kowa a garin ya yarda gashin kyanwa ne ke kawo shi. Ya daɗe yana haƙuri, don yaya ba abin wasa ba ce. Haƙurin ya ƙare a farkon daminar shekarar da aka samu mulkin kai, ranar da wani babban malami daga Tibiri ya sauka a zaurenmu. Inna ta dama fura da nono mai kyau, aka kai. Baƙo ya kai ludayi baki, ya tsaya, ya sa yatsa biyu ya fara jawo wani abu daga leɓensa. Ya ja, ya ja. Mutumin kirki ne, ya ajiye silin a gefen buzu kamar amana. Gwaggo tana wucewa ta ƙofar zaure da ƙwaryarta. Ta leƙo, ta gaishe shi da ladabi, ta duƙa ta duba.

"Wannan na Ladi ne, Malam," ta ce. "Na Kumandan ya fi kauri, da ka ji shi a maƙogwaro."

Bayan an raka baƙo Baba ya shigo tsakar gida, ya tsaya a gaban 'yar ƙofar nan, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce ya ba Yaya daga yanzu zuwa kaka. In aka shigo da gero gida har yanzu ana ganin gashi cikin abinci, za a sa kyanwoyin nan cikin buhu a ƙetare gulbi da su, a sake su can dajin hanyar Cadakori. Gwaggo ta saurare shi har ya gama. Ta ce to, amma Auta ya sa a ɗinka buhun da girma, don tare da ita za a ɗaure bakinsa. Muka yi dariya a ɓoye. Inna ba ta yi ba. Ta ce mini ta san Gwaggo, in kyanwoyin suka fita gidan nan ita ma fita za ta yi, kuma ba ta da wani gida a duniya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani Nasara mai sayen gyaɗa a Maradi zai koma ƙasarsu. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Madam, ta yi shekaru tana sayen ƙwai da man shanu a hannun Gwaggo lokacin tana gidan miji. Gwaggo ta ce dole ta je ban kwana. Ina gida hutu, sai ta tafi da ni don in yi mata tafinta.

Mun tarar da gidan a hargitse, akwatuna ko'ina, ga wani kare mai gashi kamar tunkiyar da ba a taɓa yi wa aski ba yana bin mu da haushi. Madam ta rungume Gwaggo har da hawaye. Ta ce ba za ta iya kwashe komai ba, Gwaggo ta zaɓi abu ɗaya a gidan, kowane ne, ya zama nata. Idona ya faɗa kan wani keken ɗinki baƙi mai zanen furanni na ruwan zinariya. A tsayuwar nan har na ga kaina a gindin bishiyar bedi ina ɗinka wa duk 'yan matan unguwa rigunan salla. Na raɗa wa Gwaggo. Ta ce keke ba ya cin gashi.

Ashe tun zamanin da take kawo ƙwai ta taɓa ganin Madam tana tura wani inji a kan darduma yana haɗiye gashin karen nan, kuma abin bai bar zuciyarta ba. Injin shara ne mai zuƙar ƙura. Madam tana da guda biyu. Ɗaya gajere ne mai tumbi, yana jan ciki a ƙasa kamar kunkuru, da dogon hanci. Ɗayan yana tsaye da ƙafarsa, dogo, da mariƙi a sama, da jakar yadi rataye a jikinsa, da faffaɗan baki a ƙasa.

Gwaggo ta duba su yadda ake duba saniya a kara. Ta kifar da dogon ta leƙa bakinsa, ta shafa buroshin da ke ciki, ta ce haƙoransa ba su zube ba. Ta matsa jakar kamar mai duba hantsa. Ta ja igiyarsa ta ga ko ta tsufa. Ta sa na tambayi Madam ko gashin kare kaɗai ya saba ci, don na kyanwa ya fi laushi, ya fi naci. Madam ta ce duk ɗaya ne. Gwaggo ba ta taɓa sayen ko tsintsiya da maganar mai kaya ba. Ta kwance ƙulli, ta barbaɗa a kan jar dardumar Madam, ta murje da ƙafa. Ban fassara abin da Madam ta ce a lokacin ba.

Aka fara da gajeren. Sai an duƙa an ja shi, yana bin mutum yana karo da kujeru, kuma da ya wuce Gwaggo ta durƙusa ta tsinto sili a bayansa. Aka zo kan dogon. Madam ta cusa kan igiyarsa a bango, ta taka masa ƙafa, ya yi ruri, ta tura shi gaba ta jawo shi baya tana tsaye ƙyam. Gwaggo ta durƙusa ta nema, ta hura, ta karce da farce. Ko sili. Ta miƙe ta dafa mariƙin, na ga fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba.

"Tun ina yarinya nake duƙe da tsintsiya kamar mai neman allura," ta ce. "An ce ƙasa ta miƙe tsaye. To ni ma yau zan miƙe."

Sannan ta sa na ce wa Madam ta buɗe jakar ta maido mata da gashinta.

Madam ta yi ta nanatawa cewa injin ba ya aiki sai da kuran, wutar nan ta lantarki. Na fassara, na ƙara da nawa bayanin na 'yar lakol, har da zane a ƙasa. Gwaggo ta ce ita ba da kunne ta ji ba, da ido ta gani: an ɗaure igiyarsa a bango, an taka masa ƙafa, ya tashi. Ko a Gidan Rumji babu bango ne?

Tun a ƙofar gidan Madam ta raɗa masa suna Dogo. A kamiyon, babbar motar da muka hau zuwa gida, ta ƙi yarda a kwantar da shi cikin kaya. Ta lulluɓe shi da sabon zanenta saboda ƙura, ta ɗaura masa kallabi a mariƙi, ta tsai da shi tsakanina da ita. Wani dattijo da ya hau a Tibiri ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya juya wajen Dogo ya ce, sannu da hanya, baiwar Allah. Shiru. Ya sake gaisarwa. Gwaggo ta ce ya yi haƙuri, ba ta jin Hausa, daga gidan Nasara aka ɗauko ta. Dattijon ya yi ta yi mata addu'ar Allah ya sa ta saba.

A gida Gwaggo ta ɗauki ƙusa ta huda bangon ɗakinta, rami biyu daidai da haƙoran da ke kan igiyar. Aikin ya yi kyau, wallahi, ko a gidan Madam iyakarsa ke nan. Ta cusa, ta yi bismilla, ta taka masa ƙafa. Dogo ya yi tsaye yana kallon ta. Ta sake takawa. Ta ce baƙunta ce, ko saniya in an sayo ta ba ta ba da nono ranar farko. Ta bar shi ya huta ya saba da iskar gari.

Da baƙuntar ta yi tsawo sai ta gano inda matsalar take: bai taɓa jin Hausa ba. Ta kira ni ta ce in yi masa Faransanci. Na san ba zai tashi ba, amma wa ya taɓa ce wa Gwaggo a'a ya kwana lafiya? Na tsaya a gabansa na gaishe shi. Na karanta masa wata waƙa da muka haddace a lakol, ta ruwan sama da ke sauka a kan rufin gidaje, har na fara jin daɗin muryata. Gwaggo ta ce na cika laushi, Nasara tsawa suke yi wa abin da suke so ya yi aiki. Na tattaro ƙarfina na daka masa tsawa irin ta mushe, malaminmu na lissafi. Daidai lokacin Baba ya leƙo. Ya ga 'yarsa, wadda ya sha surutun gari kafin ya bari ta shiga lakol, tana zagin inji da yaren Nasara. Ya ja salati a hankali, ya juya.

Damina ta ja baya. Gero ya nuna, aka fara yanka, amalanke da jakuna suna shigowa da dammuna. Baba ya samo buhun gyaɗa, ya rataye shi a zaure inda duk mai shiga da fita zai gani. Gwaggo ta rage surutu. Tana shara safe da yamma har bayanta ya riƙe, gashi kuma yana nan cikin miya kamar ba a yi ba. Wata safiya na same ta zaune da Ladi a cinya, tana gaya mata cewa dajin Cadakori akwai dila, in ta ji motsi ta hau bishiya. Na koma da baya ban bari ta gan ni ba.

Sai ga motar silima ta gwamnati ta iso garin, za a nuna wa jama'a hotunan bikin mulkin kai da aka yi a Yamai. Ta tsaya a filin ƙofar gidanmu. Motar tana da injinta mai ba da wuta. Da rana tsaka mai silima ya tayar da shi don gwaji, wani ƙwan fitila ya kama a kan sanda. Gwaggo ta bi igiyar da ido tun daga fitilar har cikin mota. Ta tambaye ni ko wannan ne kuran ɗin da na dame ta da shi. Na ce shi ne. Ta ce to me ya hana in faɗa tun farko?

Ta dama fura da hannunta, ta tace ta, ta sake tacewa, ta kai wa mai silima. Mutum ne mai son raha. Ya ce bayan la'asar zai jawo mata igiya har ɗaki.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka cika sashen Gwaggo, wasu a kan katanga. Baba ya zo cikin farar rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya ce yana so ya gani da idonsa don magana ta ƙare. Gwaggo ta fito da wata ƙwarya cike da gashi, wanda take tarawa tun ranar da Baba ya yi maganar buhu, ta zazzage shi duka a tsakar ɗaki don kada a ce ta yi wa Dogo sauƙi. Kyanwoyi suna kwance a kan gado suna kallo, Kumandan a gaba.

Akwai abin da babu wanda ya tuna, har ni da iliminna. Ɗakin Madam siminti ne da darduma. Ɗakin Gwaggo rairayi ne, fari tas, wanda ake ɗebo mata daga gulbi ta tankaɗe ta shimfiɗa, kamar ɗakin kowace mace mai tsabta a garinmu.

Gwaggo ta taka. Dogo ya yi wani ruri da ya sa mata biyu suka faɗo daga katanga. Kyanwoyi suka tashi sama gaba ɗaya, ban ga ta inda suka fita ba, na dai ga farin Kumandan ya wuce tsakanin ƙafafun Baba kamar walƙiya. Gwaggo ta tura, tana tsaye ƙyam kamar Madam, haɓa a sama. Gashi ya ɓace. Mata suka yi guɗa. Ta sake turawa, Dogo ya fara cin rairayi. Ya ci, ya haƙa, ya bar kwari a bayansa kamar an yi huɗa. Jakar ta kumbura ta zama salka. Na yi ta kiran Gwaggo ta tsaya, amma ruri ya fi muryata, kuma ko ta ji ba na jin za ta tsaya, don tun da aka haife ta ba ta taɓa shara a miƙe ba. Ya kamo gefen tabarma ya fara taunawa. Muryarsa ta canza, ta koma kuka. Sai jakar ta fashe ta wajen ɗinki, ta bakin ƙofa.

Da ƙura ta lafa, Dogo ya yi shiru yana fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Injin motar silima ma ya mutu a waje. Baba yana tsaye inda yake. Rigarsa ta koma kalar gulbi, gashin damina guda ya sauka a kan rawaninsa, da girarsa, da gemunsa. Ba wanda ya yi motsi. Gwaggo ta matso, ta sa hannu ta ciro sili ɗaya daga gemun, ta ɗaga shi ga haske, ta buɗe baki.

"Yaya," Baba ya ce, "in kika faɗi sunan mai shi, yau za a ɗaure buhun nan, ba gobe ba."

Ta rufe bakinta. Mai silima ya kwana biyu yana gyara kafin a nuna hotunan. Har yanzu tsofaffi suna cewa duk ƙasar nan ta ga mulkin kai a kan lokaci, ban da Gidan Rumji, da ta gan shi a makare saboda Gwaggo Tasalla.

Washegari Baba ya sauko da buhu. Gwaggo ta jawo Dogo daga ɗaki, ta ce ba ta son ganin maci amana kusa da gadonta, ta tsai da shi a 'yar ƙofar nan da ke tsakanin sashenta da tsakar gida, ta koma ta zauna. Kyanwoyi sun dawo ɗaya bayan ɗaya ta katangar baya. Baba ba zai shiga sashen yayarsa da buhu a hannu ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ya zauna kusa da madafa yana jira, don ya san da an buɗe ƙwaryar nono za su zo da ƙafarsu.

Inna ta buɗe nono. Kumandan ne ya fara tahowa, da tafiyarsa ta mai gari. Ya iso bakin ƙofa, ya ɗaga kai, ya ga Dogo. Gashin bayansa ya miƙe, ya zama biyun kansa, ya ja da baya a hankali ba tare da ya juya ba, sannan ya ruga. Ladi ta zo, ta yi haka. Baƙuwa ko matsowa ba ta yi ba. Baba ya yi zaman jiran ranar, ya yi na washegari. Buhu yana cinyarsa kamar na mai bara a gidansa.

Inna ce ta fara lura. Ta ce tuwo ya yi fes, miya ta yi fes, har tana jin kamar ta manta wani abu a girki. Aka shigo da damin ƙarshe, Baba ya binciki furarsa da ludayi kamar mai neman zobe a rijiya, bai samu komai ba. Tarinsa ma ya yi sauƙi. Buhu ya koma aikin gyaɗa ba tare da an yi shela ba. Gwaggo kuwa ta warke daga shirunta lokaci guda. Ta tare Baba a tsakar gida gaban kowa, ta dafa mariƙin Dogo.

"Auta, ka ga amfanin iya zaɓe? Da gajeren nan mai jan ciki na ɗauko, da tsallake shi za su yi."

Tun daga ranar ta nace cewa haka ta shirya tun a Maradi. Ta yi wa Dogo sabon ɗinki a jaka, tana goge shi ranar Juma'a, in hadari ya taso ta kifa masa ƙwarya a kai. 'Ya'yan kyanwar da aka haifa daga baya ba su taɓa jin rurinsa ba, amma sun gaji tsoron daga uwayensu. Ita kuma ta koma wa tsintsiyar kaba da ƙullinta, masu tsintsiya suka koma naɗe tabarmi. Na taɓa tsokanar ta na ce ƙasa ta miƙe, Gwaggo ta koma duƙe. Ta ce in bari in girma, zan ga ba ita kaɗai ba ce.

Bara da damina ciwo ya kwantar da ita. Aka ɗauko ta zuwa ɗakin Inna don a riƙa kula da ita. Kyanwoyi suka jeru a bayan Dogo suna kuka, ba mai iya wucewa. Kumandan ya riga ya mutu, Ladi ta tsufa har ba ta hawa katanga. Gwaggo ba ta roƙi komai ba, don ba ta so a sake ganin gashi cikin abincin gidan. Sai dai hannunta yana ta shafa tabarma a gefenta, inda babu kowa.

Wata yamma bayan la'asar Baba yana zaune kusa da ita yana karatu. Ya dubi hannun nan. Ya rufe littafi, ya tashi, ya fita. Na bi shi da ido ta ƙofa. Ya rungumi Dogo, ya ɗauke shi, ya kai shi zaure ya kwantar, karo na farko da Dogo ya kwanta a garinmu. Ya dawo ya tsuguna a bakin 'yar ƙofar, da rawaninsa da gemunsa, ya fara kira. Ashe duk ya san sunayensu, har na ƙananan. Ladi ce ta fara takowa, tana shinshinar wurin da Dogo ya daɗe a tsaye. Ta bi Baba har ɗaki, ta hau tabarma, ta shige ƙarƙashin hannun Gwaggo. Sauran suka biyo.

Gwaggo ta buɗe ido. "Auta, za ka yi tari."

"Na saba, Yaya."

Ba ta kai kaka ba. Ranar sadakar arba'in malamin nan na Tibiri yana cikin waɗanda suka zo. Aka kai fura. Ya kai ludayi baki, ya tsaya, ya sa yatsa biyu. Baba ya karɓi silin, ya ɗaga shi ga haske, ya daɗe yana kallo. Ya ce na Ladi ne, Malam ya sha, mai rai ke zubar da gashi.

Ƙullin yana wurina. Ban kwance shi ba.

Ya Allah, baiwarka Tasalla ta ciyar da bakunan da ba su iya roƙo ba, ta shayar da waɗanda ba su iya godiya ba. Ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Ta daɗe a duƙe, ya Rabbi. Ka miƙar da ita cikin rahamarka. Amin.